Layin Marigayi

Ni nake yin man, shi yake sayarwa. Haka muka zauna a Faskari iya shekarun da Allah ya ba mu tare. In soya gyaɗa, in murje, in kai inji, in dawo in juya ta a turmi da ruwan zafi har mai ya taso. Tunkuzar da ta rage in murza ƙuli da ita. Maigidana kuwa da can jarkoki yake ɗaurewa a bayan babur ya bi kasuwanni, Ƙanƙara, Sabuwa, Mairuwa, wani lokaci har Daudawa. Da hanya ta lalace, mutanen daji suka fara tare matafiya da rana tsaka, sai ya sayar da ragunanshi ya sayi babbar waya wadda wani ya taɓa riƙewa. Gilashinta ma a tsage yake ta gefe. Daga ranar kasuwarmu ta koma cikinta.

Bai yi boko mai nisa ba, ni ma haka. A rumfar mai cajin waya ta bakin tasha ya koyi abin da ya koya, sauran kuma kuskure ya koya mashi. Sai ya zama mutum mai dokoki. Ina aiki, yana zaune kan kifaffen turmi yana jero mani su, kamar ni ce zan riƙe wayar.

"'Yar Mairuwa, hoto da safe ake ɗaukarshi, a bakin ƙofa. In aka ɗauka cikin ɗaki, man sai ya fito kamar ruwan wanke-wanke."

"To ni mi ye nawa? Ka ɗauka mana."

"Riƙe kwalbar. Ɗaga sama kaɗan rana ta ratsa ta. Yauwa. Kar ki motsa."

Hannuna kaɗai ke shiga hoton. Bai taɓa bari a ga fuskata ba, ko katangar gidan, ko buhunan gyaɗa, don ya ce ba kowa ke kallon hoto don ya sayi mai ba. Ba ya sa hoton abin da babu shi a ƙasa. Ba ya jefa mutum a guruf sai ya tambaye shi. In an turo mashi rubutu, da murya yake amsawa, saboda yawancin masu sayenmu matan aure ne a cikin gida, wasu karatu na ba su wuya, kuma ya ce mutum ya fi sakin jiki da muryar da ya saba ji. Kowace lamba yana ajiye ta da garin mai ita da abin da take saye. In mota ta makara, shi ke fara kira ya faɗa kafin a kira shi. In an yi haihuwa ko rasuwa a gidan mai saye, ranar babu zancen mai, gaisuwa ce kawai. Direban da zai kai kaya kuwa ba ya tashi ba a miƙa mashi ƙullin ƙuli ba.

Babbar dokarshi ita ce layi ɗaya. Ko ana rabon sabon layi kyauta a kasuwa ba ya kallo.

"Waya ta faɗa rijiya, ba komai, a nemi wata," in ji shi. "Amma layin nan shi ne shagonmu. Duk wanda ya san mu, ta nan ya san mu."

Gaskiya ya faɗa. Akwai matan da suka shekara suna girki da manmu ba su taɓa ganin shi da ido ba. Direba ya ajiye jarka a tasha, su aika a ɗauko. Cikinsu akwai wata Hajiya a Ƙanƙara, dattijuwa mai sarin kayan miya a cikin gida. Ita ta jawo mana yawancin matan garin, don tana da guruf na matan unguwarsu, kuma in ta ce abu yana da kyau an gama magana. Duk Sallah sai ta aiko wa 'ya'yana mata biyu atamfa tare da jarkar da aka dawo da ita, an ɗaure bakin ledar an cusa a hannun jarkar. Ban taɓa jin muryarta ba sai daga nesa, in yana sauraron saƙonta.

Ni ƙaramar waya gare ni mai madannai, ta kiran gida. Babu lambar mai saye ko ɗaya a cikinta. Ba wanda ya ga buƙatar haka.

Damina ta yi tsakiya, masara ta yi goyo, zazzaɓi ya kama shi. Muka kai shi asibiti. Ya rasu da hantsi. Iya abin da zan faɗa ke nan a kan wannan.

Yana da ƙane mai bi mashi, wanda ke zaune a sashen gaba na gidan tare da mahaifiyarsu, da muke kira Inna. Tsakanina da ƙanen nan wasa ne irin na matar wa da ƙanin miji. Ya shigo ya buɗe tukunyata ya ce miyar ba gishiri, in ce ya je ya auro mai gishirin. Shi ya zaro wayar daga ƙarƙashin matashin kai a asibiti don ya sanar da dangi. Abin da ya kamata ya yi ke nan, ba wanda ya ce komai. Bayan an dawo daga maƙabarta, dattawa suka tattara kayan marigayi suka kulle a ɗaki sai ranar rabon gado: babur, riguna, sababbin jarkoki, har da buhunan gyaɗar da ban kai ga soyawa ba. Wayar ce kaɗai ba ta shiga ɗakin ba.

Ana cikin zaman makoki na sa aka kira mani ƙanen bakin ƙofa. Na ce ya sanar da masu sayenmu.

"An gama, matar Yaya. Ki ji da abin da ke gabanki."

Na shiga takaba. Ba fita, ba kwalliya, ba lalle. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, na kusa da na nesa, har matan da muka taɓa saɓawa a wurin inji. Daga masu sayenmu kuwa shiru. Mutumin da bai taɓa barin rasuwar gidan kowa ta wuce bai gaisa ba, ga tashi ta zo, ko saƙon baki babu. Hajiyar Ƙanƙara na fi jira. Duk sallamar da na ji a zaure sai in ce ɗan aikenta ne. Da aka yi sadakar arba'in ba ta aiko ba, na riƙe ta a zuciya. Na ce ashe man ne kawai.

Wata rana da la'asar na fito da buta zan yi alwala, sai na ji muryar maigidana. Daga ɗakin Inna take fitowa, ras, kamar yana zaune a ciki. "Hajiya, barka da hantsi, ya gida, ya yara." Na tsaya a bayan bango ina saurare. Sai na ji Inna ta ce, "Sake mani." Ƙaninshi ne ke kunna mata tsofaffin saƙonnin da ke cikin wayar. Kusan kullum suna yi bayan la'asar. Ba a taɓa cewa in zo in ji ba. Na koyi jinkirta alwalata zuwa lokacin, in tsaya a bayan bango da buta a hannu.

An fara cire masara ƙanwata ta zo daga Mairuwa da ɗan hatsin da Babanmu ya aiko. Ita tana da babbar waya. Muna zaune ta ce, "Yaya, ashe kin koma aiki? Na ce wannan ƙarfin hali."

"Wane aiki? Gyaɗar na kulle."

Ta dube ni, ta dubi wayar, ta miƙo mani. Sitatus ɗin maigidana ne, na safiyar ranar. An rubuta sabon mai ya fito. Ga kwalba a cikin rana, ga hannuna riƙe da ita, da jan lallen da na sa da Sallar da ta wuce. Na dubi hannun da nake riƙe da wayar, fari fat, duk ya bushe.

"Kullum sai an sa," in ji ta. "Na ɗauka da saninki."

Na jira ƙanin mijina ya dawo daga kasuwa. Inna na zaune a tabarma tana tsinke zogale. Ban ɗaga murya ba.

"Wa ke sa hoto a layin Yayanka?"

Ya yi dariya yana cire hula. "Au, 'yan kai rahoto sun iso daga Mairuwa ke nan."

"Ka ce mani ka sanar da mutane."

"In sanar su watse? Matar Yaya, takaba kike ko kasuwa?"

"Man da kake aika masu na wa ne?"

"Mai ai mai ne. Kasuwa cike take da shi."

"Da sunanshi kake aikawa."

"Da sunan gidanmu. Kafin ki san shi ni na san shi, ciki ɗaya muka fito. Ke a mota aka kawo ki, kuma ban ji an ce motar ta lalace ba."

Da irin muryar da yake cewa miyata ba gishiri ya faɗa, har yana murmushi. Na juya ga Inna. Ba ta ɗago daga zogalen ba.

"Ƙasar kabarin ɗana ba ta gama kwanciya ba kin fara rabon kaya," ta ce. "Koma ɗaki. Mai takaba ba ta tsayawa a tsakar gida tana musu da maza."

Na koma.

Abin da ya tsaya mani shi ne yadda yake amsa masu. Matan nan muryar maigidana suka sani, ba za su karɓi wata ba. Na kuma san irin man da ake sara a kasuwa da arha, na san abin da ake zuba mashi ya yi yawa. Ina son in kira ko mutum ɗaya, amma duk lambobin suna cikin wayar.

A bayan ɗakina akwai tsofaffin jarkoki da dattawa ba su ga darajar kullewa ba. A nan in za a ba direba kaya, a jikin jarkar ake rubuta garin da lambar mai karɓa, don 'yan kamasho su kira ta in mota ta iso. Na juya su ɗaya bayan ɗaya. Rana da mai sun cinye yawancin rubutun. Guda ɗaya ta rage da ake iya karantawa, da hannun maigidana, da baƙar tawadar maka: Ƙanƙara, Hajiya, sai lamba.

Na kira da ƙaramar wayata. Na yi sallama na ce ni ce matar mai man Faskari. Ba ta bari na ƙarasa ba.

"Yauwa, gara da Allah ya kawo ki. Ki faɗa wa mijinki ya ji tsoron Allah. Man da yake aiko mana yanzu kumfa yake a kasko, ƙosai ya fito yana ɗaci. Na yi mashi magana, sai gaisuwa yake turo mani kamar bai ji ba. Na kira, ba ya ɗauka. Ni na tsaya mashi a gaban mata, yanzu kunyar shiga biki nake. In ya yi kuɗi ne ya faɗa mana."

Na ce, "Hajiya, Allah ya yi mashi rasuwa tun masara na goyo."

"Wa?"

"Maigidana."

"Ke yarinya, jiya ya yi mani magana. Jiya-jiyan nan. Tsaya ki ji."

Ta nemi wayar wata a gidan ta kira ni da ita, ta kara tata a kai. Na ji shi yana cewa, "Hajiya, barka da hantsi, ya gida, ya yara." Irin wanda nake ji ta bayan bango. Sai a lokacin na gane. Tsofaffin saƙonninshi ƙanen yake tsinta, na gaisuwa da na kaya sun taso, yana sake tura masu.

Na ce mata muryarshi ce, amma tun bara ya yi ta.

Sai salati. Ta yi ta maimaitawa. Ta ce, "Na zagi mamaci. Wata da watanni ina zagin bawan Allah yana kwance." Daga nan ta yi mani ta'aziyya, cikakkiya, ta tambayi yaran, ta yi mashi addu'a. Ita ce gaisuwar da na jira tun farko, ga ta inda ta zo.

A ranar ta faɗa a guruf ɗinsu. Kafin kwana biyu zancen ya kai Sabuwa, ya dawo tashar Faskari. Na yi zaton in an san gaskiya sunanshi zai wanku, matan su jira in fita takaba. Sunanshi ya wanku. Sauran bai zo yadda na zata ba. Wasu suka ce da ni aka haɗa baki, da rabo ya ɓaci ne na tona. Ai hannunta ne a hoton, in ji su. Wata ta ce ita ta zubar da sauran man a kwata, ba za ta ci abin da matacce ya sayar mata ba. Suka yi ta toshe layin.

Hajiya ta kira ni da kanta. "'Yata, ni na yarda da ke. Amma mata sun tsorata da duk abin da ya fito daga gidan nan. Sun koma wajen wani mutumin Sabuwa. Ba zan ɓoye maki ba, ni ma na karɓi nashi, ina da masu jira."

Ƙanin mijina ya zo har ƙofar ɗakina, ya tsaya a inda yake tsayawa da can in zai tsokane ni.

"Sannu da aiki, matar Yaya. Kin ji daɗi? Abin da ya gina shekara da shekaru kin rushe da kira ɗaya. Yanzu sai ki dafa wa 'ya'yanki jarka."

Daga ranar ban ƙara jin muryar daga ɗakin Inna ba.

Da na fita takaba aka zauna rabon gado. Malamin unguwa ya zo da dattawa, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da kaya. Ga wayar an ajiye tsakanin huluna da takalma. Aka yi mata kuɗi kamar yadda aka yi wa agogo da fitila. Ina daga bakin ƙofa na ce, "Allah gafarta Malam, layin da ke ciki fa?"

Malam ya dubi ƙanen.

"Layin da ta kashe? Na karya shi na jefar. Ba abin da ke shigowa sai zagi."

Malam ya ce mashi bai kyauta ba, ya ji tsoron Allah a kan kayan marayu. Ya ce abin da babu shi ba ya rabuwa. Aka wuce zuwa babur.

Wayar ta faɗo a rabon 'ya'yana. Da aka watse na shiga ɗaki na kunna ta. Babu komai. Ba lamba, ba hoto, ba murya ko ɗaya. An kai ta wurin masu gyara an wanke ta tas, kamar ba a taɓa magana a cikinta ba. Gilashin ne kawai yake nan a tsage. Na tare ƙanen a zaure na tambaye shi.

"Ai gyara maki na yi," ya ce. "Ta cika da tarkace."

Ƙanwata ta bincika ko za a iya dawo da layin. Aka ce sai da takardu da katin shaidar mai shi. Katin na hannun ƙaninshi, ya ce bai san inda ya ajiye ba.

Na yi sabon layi da sunana, da ɗan yatsana. Da gyaɗar da ta zo a rabonmu na sake kunna wuta. Dokokin maigidana nake bi, hoto da safe a bakin ƙofa, murya ga mai murya, gaisuwa kafin ciniki. Yanzu babbar 'yata ke riƙe kwalbar. Na ƙara doka ɗaya tawa: duk lambar da ta shigo sai na tura wa ƙanwata ta ajiye a tata wayar. Matan da muke haɗuwa a inji, masu daddawa da masu ƙuli, ina faɗa masu ko ba su tambaya ba. In mijinki ke sayar maki, Allah ya bar ku tare, amma ki sa masu saye su san muryarki, ki kuma riƙe lambobinsu a wurinki. Wasu su yi dariya su ce ina yi wa mazansu fatan mutuwa. Ba na musu da su. Masu sayena ba su kai rabin na da ba, kuma daga Ƙanƙara har yau Hajiya ce kaɗai, ita ma jefi-jefi.

Ita na roƙa ta duba ko akwai sauran saƙonshi a wurinta. Ta ce ta goge yawanci a lokacin da take fushi, amma ta sami ɗaya ta turo. Wanda ban taɓa ji ba ne, ko ta bayan bango. Yana cewa, "Hajiya, mai ya fito, na safiyar nan ne. Matata ce ta yi da hannunta, kuma ba don tawa ba ce, duk ƙasar nan ba mai yin irin nata." Ana jin ƙarar muciyata a turmi daga nesa. A gabana bai taɓa faɗin haka ba. Cewa yake in ɗaga kwalba in daina motsi.

Ana gobe za mu bar gidan mu koma Mairuwa wurin Babanmu, ina ɗaure kaya, ƙaramar 'yata ta shigo ta ce Inna na kira. Yarinyar ce ta faɗa mata muna da muryar Baba a waya. Tun ranar zogale Inna ba ta yi mani magana ba sai amsa gaisuwa. Na daɗe zaune a kan ƙullin kaya. Sannan na ɗauki wayar na tafi.

Tana kwance a gado, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta. Ta nuna wayar da haɓa. Na kunna, na ajiye kusa da kunnenta. Ta rufe ido tana saurare. Da ya ƙare ta ce, "Sake." Na sake. Wannan karon da ya zo wurin "matata ce ta yi da hannunta" sai ta juya fuskarta ga bango.

Na ɗauki wayar, na ce mata gobe da safe motarmu za ta tashi, na fito na ƙarasa ɗaurin kaya.